Gayyar Da Ba Ta Da Makaɗi: 'Yan Agajin Kagoma Da Kafanchan Sun Cancanci Yabo

A Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna, idan noman citta ko dawa ya fi ƙarfin mutum, sai ya kira gayya. Maƙwabta su zo da garemaninsu, ba wanda za a biya ko kwabo. Amma a al'adar ƙasar Arewa, gayya takan tafi da makaɗinta, wanda zai riƙa kiran sunan wanda ya fi ƙwazo, har kowa ya ji. Wannan kirari shi ne ladan manomi, shi ne kuma ke sa ya dawo baɗi.

Magadan wannan al'ada a yau su ne 'yan agaji: na ƙungiyar Red Cross, wadda doka ta kafa a Nijeriya cikin 1960, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da samarin Boys' Brigade, da Zumuntar Mata ta coci-coci. Su ke tsare hanya ranar Salla da Kirsimeti, su ziyarci marasa lafiya, su ɗauki waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Abin takaici, tasu gayyar ba ta da makaɗi.

Ƙasar nan kuwa ta san amfaninsu. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa, ƙabilu iri-iri suka zauna wuri guda. Garin ya sha wahalar tarzoma cikin Maris 1987, da kuma Afrilu 2011 bayan zaɓe. A irin waɗannan ranaku ne ake gane darajar mutumin da zai ɗauki mai rauni bai tambayi addininsa ba.

Ba kuma aikin ranar tashin hankali kaɗai ba ne. Cikin 1996 aka kafa Gidauniyar Fantsuam, mai ba matan karkara rance don su ja jari. Cibiyarta ta koyar da kwamfuta a unguwar Bayan Loko, Kafanchan, ita ce ta fara cin lambar Hafkin ta Afirka cikin 2001. Shirinta na masu aikin sa kai kuwa Gayya ta raɗa masa suna.

Manyan ƙungiyoyin duniya sun daɗe da sanin cewa yaba kyauta tukuici. Kulob ɗin Rotary, wanda ya fara kafa reshe a Nijeriya a Kano cikin 1961, tun 1957 yake ba da lambar Paul Harris ga wanda ya ba asusunsa dala 1,000, ko wanda aka bayar da sunansa. Kuɗin masu bayarwa ya taimaka ƙwarai wajen yaƙi da shan-inna, wanda Rotary ta shiga gadan-gadan cikin 1985, har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya cikin 2020. Amma fa da ƙafa aka kai maganin gida-gida. Red Cross kuwa, tun 1912 ta ƙago lambar Florence Nightingale domin ma'aikatan jinya da mataimakansu na sa kai, ana ba mutum bisa aikinsa, ba bisa aljihunsa ba.

Irin wannan ta biyun ce ta dace da karkara, inda mai taimako ba shi da abin bayarwa sai ƙarfinsa da lokacinsa. Ya kamata kuma a yi tun yana raye. Babban asibitin Kafanchan yana ɗauke da sunan Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, gwamnan jihar da ya rasu cikin haɗarin jirgin sama ran 15 ga Disamba 2012. Talakan da ya yi shekara ashirin yana jinyar marasa galihu ba za a sa wa asibiti sunansa ba.

Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 5 ga Disamba ta zama ranar masu aikin sa kai. Da masarautu da ƙananan hukumomi za su riƙa tara jama'a a ƙofar fada a wannan rana, a kira sunayen waɗanda suka daɗe suna hidima, Musulmi da Kirista a sahu ɗaya, a miƙa musu takardar yabo, da samari sun ga abin koyi. In kuwa aka ci gaba da shiru, ranar da aka sake kiran gayya, ƙila a rasa masu amsawa.