Me Ya Sa Roba Ta Fi Dalma Kare Ɗan Sama Jannati?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin hoton ƙashi a asibiti ya san rigar dalmar nan mai nauyi da ma'aikata ke ratayawa. Sai mutum ya zaci kumbon da zai kai 'yan Adam duniyar Mars, da dalma ya kamata a lulluɓe shi. Lissafin masana ya ce a'a.

Abin da ke yawo a sararin samaniya ba irin hasken na'urar asibiti ba ne. Burbushin ƙwayoyin zarra ne masu tsananin gudu. Wasu rana ce ke watso su idan ta yi aman wuta, kamar a watan Agustan 1972, tsakanin tafiyar Apollo 16 da ta Apollo 17. Allah ya sa babu kowa a hanyar wata a lokacin. Waɗannan da sauƙi, bango mai ɗan kauri yana tare yawancinsu. Masu wuyar sha'ani su ne masu zuwa daga nesa, daga taurarin da suka tarwatse. Kusan kashi 1 cikin 100 nasu masu nauyi ne, har da cibiyar zarrar baƙin ƙarfe, wadda ke ratsa jiki tana yayyaga ƙwayoyin halitta, abin da kan jawo sankara.

Idan irin wannan ta daki bangon kumbo, ba tsayawa take yi ba. Fashewa take yi, ta kuma fasa zarrar bangon, kamar dutsen da aka jefa wa tagar gilashi: na cikin ɗaki ya tsira daga dutse, ya sha tarwatsi. Zarrar dalma babba ce, tarwatsinta da yawa, musamman niyutiron. Ta haidirojin kuwa ita ce mafi ƙanƙanta, babu abin fasawa a cikinta, ga shi tana rage wa baƙon gudu. Shi ya sa idan nauyi ɗaya ne, ruwa da roba irin ta jarka, masu yawan haidirojin, sun fi alminiyam, alminiyam ya fi dalma. Da irin wannan robar aka yi wa wasu ɗakunan barcin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa shafi.

Ba a gano wannan da tura mutane gwaji ba. A kwamfuta ake zana bangon, a harba masa miliyoyin burbushi na ƙarya, a bi kowanne ɗaya bayan ɗaya: ina zai yi karo, gida nawa zai rabu, ina gutsattsarin za su nufa. Kowane karo ƙuri'a ake jefa masa bisa ƙa'idar da aka auna, shi ya sa aka raɗa wa dabarar sunan Monte Carlo, garin 'yan caca na Monako. Manhajar Geant4 ta cibiyar CERN da PHITS ta Japan haka suke aiki. Ita hukumar NASA tana da HZETRN, wadda ke warware lissafin kai tsaye, don injiniya ya samu amsa da wuri. Abin da ya fi ba ni mamaki a sakamakonsu shi ne, idan kaurin alminiyam ya wuce wajen santimita 7, ƙari ba ya ƙara tsaro, yana ma iya ƙara illa.

Kwamfuta dai abin da aka ba ta take juyawa. Don haka tun 2003 ake harba burbushi na gaske kan kayayyaki a ɗakin gwaji na Brookhaven a Amurka, ana gyara lissafin. Na'urar da ke jikin motar Curiosity ma ta yi awo a hanyarta ta zuwa Mars tsakanin 2011 da 2012: kimanin milisibat (ma'aunin illar burbushin a jiki) 1.8 kullum, alhali mazaunin doron ƙasa wajen 2.4 yake samu a shekara guda. Zuwa da dawowa kaɗai, ban da zaman can, zai kai kimanin 660. Iyakar da NASA ta yanka wa ɗan sama jannati tsawon aikinsa kuwa 600 ce.