Matashin Makaɗi a Birni: Koyo da Sana'a da Iyali a Badarawa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba halin da matashi mai son kiɗa da waƙar gargajiya, musamman ta fada, yake samun kansa a cikin birni. An ɗauki Badarawa, unguwar da ke arewacin kogin Kaduna, a matsayin misali. Za a nuna cewa koyo da sana'a da iyali, waɗanda a da suke dunƙule a gida ɗaya, yanzu sun rabu, kowanne yana neman nasa lokacin.

Koyo a Gargajiyance

A ƙasar Hausa kiɗan fada yawanci gādo ne. Yaro yakan tashi yana ɗaukar wa mahaifinsa kotso ko taushi, daga nan ya shiga cikin 'yan amshi, ya yi shekaru kafin a yarda ya ja waƙa da kansa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ta wannan hanya ya biyo: a wurin mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, ya fara, kuma zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a bayansa. A irin wannan tsari uba shi ne malami, 'yan'uwa su ne abokan aiki. Lokaci ma a tsare yake, domin da damina ana gona, da rani a fita yawon kiɗa.

Wanda bai gāda ba kuwa, tun a da yakan sha wuya. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi fice da kalangu, ya fuskanci ƙin amincewar mahaifinsa, saboda ana ganin waƙa roƙo ce. Sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, shekara 11 kafin rasuwarsa.

Halin Birni

Kaduna sabon gari ne, wanda Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1917. Ba ta da tsohuwar fada irin ta Zazzau ko Katsina. Manyan makaɗa sukan zo ta ne a baƙunce, su yi wasa, gidan rediyon da aka buɗe a 1962 ya ɗauki muryoyinsu, sannan su koma garuruwansu. Saboda haka matashin Badarawa ya gaji muryoyin, amma bai gaji gidajen da suka raine su ba.

Malaminsa a yau shi ne faifan da ke cikin wayarsa. Daga nan zai iya kwaikwayon karin murya, ya haddace baituka. Abin da faifai ba ya koyarwa shi ne salsalar sarakuna, da dalilin kowane kirari, da wanda aka nufa da habaici ko zambo, da sanin lokacin da ya kamata a sassauta idan fuskar ubangida ta sauya. Waɗannan sai da zama kusa da gwani.

Ga kuma rabon lokaci. Da safe yana makarantar boko ko wurin koyon sana'a, da yamma Islamiyya, wasan biki kuwa sai dare. Iyaye suna tsoron kada karatu ya lalace, suna kuma tunanin ranar da zai je neman aure a ce ɗan wane maroƙi ne. Idan ya yi iyali nauyin yakan ƙaru, domin abin da aka samu a wasa sai an raba shi da makaɗa da 'yan amshi. Wannan ne ke tura matasa da yawa zuwa sutudiyo, inda fiyano guda ke maye gurbin ƙungiya.

Kammalawa

Jami'o'i sun daɗe suna nazarin waƙar baka. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Sai dai nazarin waƙa daban, renon mawaƙi daban. Ya kamata sassan koyar da Hausa su jawo tsofaffin makaɗan da suka rage, a ba su matsayin malamai da albashi, a kuma tsara darussan yadda ba za su ci karo da karatun ɗalibi ba. Ta haka iyaye za su samu natsuwa, ilimin da ke cikin ƙirjin dattawan kuma ya samu magāda tun suna raye.