Me Ya Sa Ake Azumin Wata Guda Amma Teɓa Ba Ta Raguwa?

Bayan ƙaramar sallah mukan ji 'yan'uwa suna mamaki: an yi wata guda ba ci ba sha da rana, amma riga ta ƙara matsewa. Dalilin yana da alaƙa da wasu sinadarai da jiki ke zubawa cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon. 'Yan aike ne, su ke gaya wa hanta da tsoka da kitse lokacin ajiya da lokacin fitarwa.

Babbansu a nan shi ne insulin, wanda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, fankiriyas, ita ke samar da shi. Da zarar mun ci tuwo ko mun sha abu mai zaƙi, sukari ya hau a jini, sai insulin ya fito ya tura shi cikin tsoka da hanta, rarar kuma ta koma kitse. Muddin yana da yawa a jini, rumbun kitse kusan a rufe yake.

Idan aka daɗe ba a ci ba, insulin yakan sauka, abokin aikinsa gulukagon ya hau. Hanta ta fara sakin sukarin da ta ajiye, wanda bai wuce kimanin giram 100 ba, jiki kuma ya ƙara komawa kan kitse. To, ana cikin haka sai a kira magariba. Kunu mai sukari, ƙosai, zoɓo, lemon kwalba, shayi kofi uku, sannan tuwo ya biyo baya. Abin da aka ƙona tun safe an mayar da shi kafin isha'i, har da ƙari. Homon ba ya sihiri, jama'a. Idan abin da ya shiga ya fi wanda aka ƙona, ajiya za a yi.

Ga kuma barci. Tumbi na fitar da girelin mai tada yunwa, kitse na fitar da leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Ƙarancin barci yakan ɗaga na farko ya rage na biyu, shi ya sa mai hira har sahur yakan ci fiye da ƙima.

Masu ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, lissafinsu daban ne, domin sukarinsu na iya faɗuwa da rana har su suma. Su ga likita tun cikin Sha'aban.