Ikon Uwa a Kan Ɗa Namiji: Daga Dandalin Landan Zuwa Zangon Tamale

Ɗalibin da ke nazarin wasannin kwaikwayon Shakespeare a makarantun sakandaren Tamale, in ya yi tadabburi, zai tarar da wata mas'ala da ta dami marubutan Ingila na zamanin Shakespeare, wato yadda jarumi, komai kaifin takobinsa, ba ya kuɓuta daga hannun wadda ta haife shi. A wasan Coriolanus, wanda aka rubuta wajen 1608, Volumnia ce ta reni ɗanta Coriolanus a kan son yaƙi, tana alfahari da tabban jikinsa. Da mutanen birnin Rum suka kore shi, ya haɗa kai da abokan gaba ya dawo zai ƙone garin, babu wanda ya iya tausarsa sai ita, da ta durƙusa gabansa har ya janye, janyewar da ta zama ajalinsa. A wasan Macbeth kuwa, Macbeth ya sakankance babu haihuwar mace da za ta iya kashe shi, sai ga Macduff, wanda aka farke cikin uwarsa aka ciro shi. A zahiri, waɗannan wasanni suna kallon uwa da tsoro, kamar mazantaka ba ta cika sai namiji ya yanke igiyar da ta ɗaure shi da ita.

Mu a nan hikimarmu daban take, domin ikon uwa sarauta aka ba shi. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi ɗan Rumfa (1499–1509), lokacin da wani da ake kira Dagaci ya ƙulla tawaye sarki yana wajen yaƙi, mahaifiyarsa Madaki Auwa ce ta riƙe gari da kwarjininta, kuma ba a ce sarautar ɗanta ta ragu ba. Kalmar magajiya, wadda ake kiran sarauniyoyin Daura da ita, ta biyo fatake har ta shiga bakin Dagombawa, ga ta nan a Tamale ana kiran shugabar mata da ita. Bahaushe yakan yi wa mijin-ta-ce ba'a, amma wanda ya bi maganar mahaifiyarsa ɗan albarka ake ce masa, alhali ita ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa saboda alkunya. Shari'a ma ta ƙarfafa wannan, tun da Manzon Allah (SAW) ya ambaci uwa sau uku kafin ya ambaci uba.

Sai dai kowane iko amana ne. Aibin Volumnia shi ne ta koya wa ɗanta jarunta ba ta koya masa haƙuri da tawali'u ba, sai ranar da ta nemi rahama a wurinsa, rahamar ta zo masa baƙuwa, ta ci ransa. Uwar da kalmarta ke iya juya namiji, wajibi ne ta auna abin da take zuba masa tun yana goye.