Tsoffin gwangwanayen bakin mai a shagon Baba: shara ce ko tarihi?

Bayan sadakar arba'in na rasuwar mahaifinmu, ni da yayana muka je Suame Magazine a nan Kumasi don mu kwashe kayan shagonsa, tunda mai fili ya ce yana buƙatar wurinsa. Baba ya yi fiye da shekara arba'in yana gyaran manyan motoci a wannan rumfa, wadda shi ma ya gada daga ubangidansa. Mai sayen tsoffin ƙarafa har ya kafa sikelinsa lokacin da na jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin benci. Gwangwanayen bakin mai ne guda tara, kowanne cike da noti da kusoshi, sai guda ɗaya da ba a yanke bakinsa ba, da hoton jan doki mai fikafikai a jikinsa.

"Zuba su a sikeli mu wuce, rana na yi," in ji Yaya.

"Yaya, don Allah ka bar mini waɗannan zuwa gobe," na ce.

Ya dube ni ya girgiza kai. "Ku malaman makaranta, komai sai kun karanta."

Gaskiyarsa. A daren nan na ɗora hotunan a wani zaure na Facebook, kafin asuba wani Bature daga Ingila ya yi mini tayin mai dokin da kuɗin da ya fi abin da aka ba mu a kan duk ƙarafan shagon. A nan na san akwai mutane a Amurka da Turai da sana'arsu ko sha'awarsu ita ce tara irin waɗannan gwangwanaye, tare da allunan gidajen mai da tsoffin famfunan fetur.

Da na bi diddigi, sai na ga kowane gwangwani da labarinsa. Kafin a haƙa rijiyar mai ta Titusville a jihar Fensilbaniya a 1859, da kitsen dabbobi da man tsirrai ake shafe injuna. Matsalar kitse ita ce idan injin tururi ya yi zafi sai ya ƙone, ya daskare, ya cinye ƙarfe. A 1866 wani likita mai suna John Ellis ya fitar da man shafe inji daga ɗanyen mai, wanda ke jure zafi, kuma shi ne aka yi wa rajista da sunan Valvoline a 1873. A wannan shekarar ta 1866 aka kafa kamfanin Vacuum Oil a garin Rochester, wanda ya fito da Mobiloil. Tambarinsa na farko wani dodo ne da suke kira Gargoyle. Bayan ya haɗe da kamfanin Socony a 1931 ne jan dokin nan ya mamaye gwangwanayensu. Ke nan namu bai girmi 1931 ba, ko da kuwa Yaya ya rantse tun zamanin Yaa Asantewaa yake.

Koren gwangwanin Castrol ya fi ba ni mamaki. Charles Wakefield ya kafa kamfaninsa a Landan a 1899, yana sayar wa jiragen ƙasa da masana'antu mai. Da motoci da jiragen sama suka fito, ana buƙatar man da zai gudana da sanyin safiya, kuma ba zai tsinke ba idan inji ya ɗau zafi. Sai suka gauraya shi da man zurma, wannan tsiron da ke fitowa a bayan gida ba wanda ya shuka shi. Daga sunan zurma a Turance aka samo Castrol a 1909. Shell kuwa, mahaifin wanda ya kafa shi kwanson dodon koɗin teku yake sayarwa a Landan, shi ya sa har gobe kwanso ne tambarinsu.

Amma me ya kawo gwangwani tun farko? Amana ce ta yi ƙaranci. A shekarun 1920 a Amurka, daga duro ake tsiyayo mai a zuba a kwalba, a juye wa direba a inji. Direba bai san abin da ke cikin duron ba. Wasu masu gidan mai sukan zuba mai arha su karɓi kuɗin mai tsada. Shi ya sa a farkon shekarun 1930 kamfanoni suka koma rufaffen gwangwani mai cin kusan lita ɗaya, wanda sai an huda shi a gaban mai mota. Daga baya aka riƙa yin jikinsa da kwali, sama da ƙasa ƙarfe, sannan a shekarun 1980 jarkar roba ta kore su duka. Da na karanta wannan sai na tuna Baba. Bai taɓa yarda yaron shago ya buɗe galan a bayan idon mai mota ba. Yakan ce, "Kira shi ya ga murfin da idonsa." A lokacin muna ganin tsanani ne kawai. Yau da ake cika tsoffin jarkoki da gurɓataccen mai a sake liƙe su, duk direban tirotiro da injinsa ya taɓa bugawa ya san abin da tsohon yake gudu.

Masu tarawa suna da ƙa'idojinsu, kuma yana da kyau mutanenmu su sani kafin a yi musu wayo. Suna duba ɗinkin gefen gwangwani: wanda aka liƙe da dalma ya fi tsufa. Suna son zanen ya fito sarai, ba tsatsa, ba lotsewa. Idan za su zubar da man ciki, ta ƙasa suke hudawa don saman ya zauna lafiya. Babban kuskure shi ne a kankare shi ko a sake masa fenti. Da ka yi haka ka kashe darajarsa. Gwangwanayen Baba guda takwas da aka yanke wa baki, a wurinsu kusan ba su da kuɗi.

Ni kuma ɗaya daga cikin yankakkun ne ya fi shiga raina: rawaya, da baƙin kare mai ƙafa shida yana fitar da wuta ta baki. Tambarin Agip ne na Italiya. An kafa reshensa a Ghana a 1960, gwamnati ta saye shi a 1974, kuma shi ne ya zama GOIL ɗin da muke shan mai a yau. Gidajen Mobil kuwa Total ne ya karɓe su wajen 2006. Na tambayi ɗalibaina su arba'in da biyu ko akwai wanda ya taɓa jin sunan Agip. Ba ko ɗaya. Alhali iyayensu da yawa direbobi ne da makanikai, waɗanda suka yi jigilar goro da shanu da doya tsakanin Kumasi da Tamale da Bawku.

Saura batun tayin Baturen. Kayan nan gado ne, ba nawa ni kaɗai ba. Mu shida ne, ga kuma Mma. Da na faɗi kuɗin, Yaya ya ce a sayar, ƙanwarmu na jiran kuɗin makaranta, kuma ban ga laifinsa ba. Mma ta daɗe tana juya gwangwanin a hannunta, sannan ta ce a cikin mai karen nan Baba yake ɓoye kuɗin cefane lokacin da suna sabon aure. Muka tsaya a kan cewa a sayar da mai dokin a biya kuɗin makarantar. Sauran takwas aka yi musu ƙima, na biya kowa rabonsa daga albashina, na ɗauka.

Yanzu bakwai suna kan kanta a ajinmu. Da su nake koyar da awon lita da galan, da su nake nuna Italiya da Ingila a taswira. Na takwas yana ɗakin Mma, ta zuba allura da zare a ciki.

Idan akwai tsohon shago ko rumfa a gidanku, a Sabon Zango ne ko Aboabo ko Nima, ku leƙa ƙarƙashin benci kafin mai sikeli ya iso. Kada ku wanke da yashi, kada ku shafa fenti. Ku ɗauki hoto, sannan ku tambayi dattijon da ke kusa wace mota ce ta sha man da ke ciki, tun yana nan da zai ba ku amsa.