Yaƙi a Sararin Samaniya: Tsakanin Ƙagen Labari da Gaskiyar Kimiyya



Duk wanda ya kalli silimar Star Wars, wadda George Lucas ya fitar a 1977, ya ga kumbuna suna shawagi kamar shirwa, suna karkata, suna bin juna da wuta, ga ƙara kamar aradu. Abin tambaya shi ne, haka yaƙin zai kasance kuwa?

Da farko dai, wannan siffa daga ƙasa aka ɗauko ta. Lucas ya yi amfani da hotunan faɗan jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu wajen tsara nasa faɗan. Watau tsohon yaƙi ne aka sa wa sabuwar riga.

Jirgin sama yana karkata ne domin fikafikansa sun dogara da iska. Can kuwa babu iska, saboda haka babu ƙara, tun da yake sauti sai da abin da zai ɗauke shi. Stanley Kubrick ya kiyaye wannan a silimarsa ta 1968, 2001: A Space Odyssey. Haka kuma, kamar yadda Newton ya bayyana a 1687, abin da ke tafiya ba ya tsayawa ko sauya hanya sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Kumbon da zai tsaya tilas ya hura wuta ta inda ya dosa, ya ƙona mai. Ashe rabin dabarar yaƙin lissafin mai ne.

Sai maganar nisa. Haske yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma daga wata zuwa nan sai ya yi fiye da daƙiƙa guda. Idan abokin gaba yana da nisa haka, inda ka gan shi ya riga ya baro. Ɓuya ma da wuya, domin zafin injin kumbo yana tona asirinsa cikin sanyin samaniya.

Babban abin da silima ke ɓoyewa kuwa shi ne tarkace. A 2007 ƙasar Sin ta harbe wani tsohon tauraronta na duba yanayi, ya tarwatse gutsattsari fiye da 3,000 waɗanda ake iya bin sawunsu. Abin da ke kewaya duniya a kusa yana gudun kimanin kilomita 28,000 a awa, don haka ɗan ƙusa ma harsashi ne, kuma bai san tauraron mai harbi da na maƙwabci ba.

Jama'a, ba laifi marubuci ya ƙawata labari. Amma mai karatu ya sani, taurarin nan su ke ɗauke da hasashen damina da saƙonninmu. Wanda ya fasa tulu a bakin rijiyar gari, har shi ma zai taka sakaina.