Daɓen Tsakar Gida: Abin da Ke Tsaga Siminti Kafin Damina Biyu

A ƙasar Hausa rabin rayuwar gida a tsakar gida take. Nan ake girki da wanki da daka da shanya, nan mata ke cika ranar suna, nan kuma ake baza tabarmi a kwana idan bazara ta hana zaman ɗaki. Shi ya sa duk wanda ya kammala gini a Kano ko Gusau ko Maraɗi, yana gama kafa ƙofofi hankalinsa ke komawa kan filin nan: a malale shi da siminti a huta da taɓon damina da ƙurar rani. Akan kashe kuɗi ba kaɗan ba, a yi aiki ya fito sumul, maƙwabta su leƙo su yi Allah sanya alheri. Sai dai a gidaje da yawa, kafin a ga damina biyu daɓen ya tsage daga bakin madafa har gindin katanga, ciyawa ta tsiro a tsagar, wani lungu kuma ya zama kududdufi.

Maigida ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Ko dai simintin yanzu ba shi da ƙarfi, ko birkila ya karkatar da buhu biyu. Akan samu haka, ba a musu. Amma injiniyoyin gini sun daɗe da gano cewa abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne abin da ya fi komai araha a wurin, wato ruwa. Ana zuba shi fiye da kima lokacin kwaɓi, a hana shi lokacin da kankare ke bukatarsa, sannan a manta da tanadar masa hanya idan ya sauko daga sama.

Daɓe ba baƙon abu ba ne a nan. Kafin zuwan siminti aikin mata ne, na gayya. A baza ƙasa da tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru kowace da madaɓinta suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi tauri, sannan a bi ta da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya ba ta duhu da ƙarko. Abin da matan nan suka fi ba ƙarfi, wato dandaƙe ƙasa, shi ne matakin da maginan yau suka fi tsallakewa.

Simintin da muke saye kuwa tushensa Ingila, inda wani magini mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1824. Yau ana yin sa kusa da gida: a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta jihar Gombe, da Obajana ta jihar Kogi, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar. Ko'ina buhun kilo 50 ne.

Kuskuren farko yana cikin tunanin cewa siminti bushewa yake yi kamar laka. Ba haka abin yake ba. Idan garin siminti ya haɗu da ruwa, wani aikin sinadari ne ke tashi, wasu ƙananan zaruruwa su tsiro daga kowace ƙwayar gari su sarƙe juna, su riƙe yashi da tsakuwa gam. Shi ya sa kankare ke iya daskarewa ko a ƙarƙashin ruwa. Ruwan da aikin ke bukata kaɗan ne, duk abin da ya yi rara kuma fita zai yi daga baya ya bar ƙananan kafofi a jikin daɓen. A 1918 wani mai bincike a Amurka, Duff Abrams, ya nuna da gwaje-gwaje cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yadda aka ƙara ruwa a kan siminti. Har yau a kan wannan ƙa'ida ake tafiya. Domin daɓen tsakar gida, nauyin ruwa kada ya wuce kamar rabin nauyin siminti. A ma'aunin da kowa ya sani, jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu ɗaya, idan kuma yashin jiƙaƙƙe ne sai a rage.

To, a tsaya a bakin wurin aiki a ga yadda ake yi. Leburori biyu na juya kwaɓi da shebur a ƙasa, rana ta take, kwaɓin ya yi kauri yana cin ƙarfin kafaɗa. Ɗaya ya ɗago ya ce wa yaron ruwa, "Ƙaro, ya yi tauri." A sheƙa bokiti, a ƙara wani, har kwaɓi ya koma kamar kunu. Yanzu ya yi daɗin ɗiba, ya yi daɗin bazawa, da kansa ma yake malala. Ruwan toka-toka da ke gangarewa gefe yana bin kwata kuwa simintin maigida ne ke tafiya. Babu mugun nufi a nan, lebura sauƙin aikinsa yake nema, kuma ba wanda ya taɓa ce masa bokitin nan yana da farashi. Kwaɓin kirki shi ne wanda idan aka ɗebo shi a shebur zai zauna a tsibe, yana da danshi amma ba ya zuba.

Haɗin da aka saba da shi kashi ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu guda yana cika kwanon sarki wajen biyu, saboda haka buhu zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Filin da ke da tsawon mita 6 da faɗin mita 5, a kaurin santimita 10, zai ci buhu 18 zuwa 20. Idan magini ya ce goma ta isa, to ko kaurin zai rage ko yashin zai ƙara. Shi ma yashin yana da nasa sharri. Mai laka a jiki yana hana siminti kama shi. Gwajinsa ba wuya: a zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Lakar za ta kwanta a sama daban. Idan ta yi kauri sosai a kan yashin, tifar nan ta ciko ce, ba ta daɓe ba.

Kuskure na biyu kishiyar cika ruwa a kwaɓi ne. An gama aiki da la'asar, an sallami ma'aikata, washegari wani yaro ya watsa bokiti biyu da safe, shi ke nan an ce an ba siminti ruwa. Alhali aikin sinadarin nan yana tsayawa ne da zarar danshi ya ƙare. Kankaren da aka kula da shi yana kai kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, cikakken ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa kuma sai kwana 28. Wanda aka bari ya bushe tun kwana na biyu ba zai taɓa kaiwa can ba, kuma fatarsa ta sama, wadda ƙafa da turmi da tsintsiya ke bi, ita ce ta fi cutuwa. Daga nan ake samun daɓen da kullum aka share sai an kwashi gari.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, a lokacin hunturu kuma iska busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe danshi daga saman kankare tun bai kama jikinsa ba. Sanyin hunturu yana yaudarar mutane su ɗauka lokacin aiki ne mai kyau, sai ga ƙananan tsagu sun bayyana cikin 'yan sa'o'i. Maganin kuwa ba na kuɗi ba ne sosai. A yi zubin da yamma ko da sassafe, da zarar saman ya yi taurin da yatsa ba ya lotsa shi a rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, ko a yi masa ɗan bakin yashi kewaye a tara ruwa a kai. A ci gaba da haka mako guda cur. A unguwar da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa wannan kuɗi ne, gaskiya, amma bai kai kuɗin buhu biyu ba.

Ko an yi komai daidai, kankare sai ya tsuke. Shimfiɗa mai tsawon mita 10 takan ragu da kamar rabin santimita yayin da take bushewa, zafin rana da sanyin dare kuma su riƙa miƙa ta suna tsuke ta. Kankare jarumi ne wajen ɗaukar nauyi, rago ne wajen ja, don haka dole ya tsage a wani wuri. Abin da gwani ke yi shi ne ya zaɓar masa wurin. Ana yanka layi a jikin daɓen duk bayan mita biyu da rabi zuwa uku, zurfinsa kwata na kaurin, a raba filin gida-gida kusan murabba'i. Tsagar sai ta bi ƙarƙashin layin, ido bai gan ta ba. Tsakanin daɓe da bango ko ginshiƙi kuma a bar 'yar tazara a cusa abu mai laushi. Masu gida da yawa ba sa son layukan nan, wai suna ɓata kyau, sun fi son fili ɗaya sumul. Wannan zaɓi ne tsakanin layi miƙaƙƙe da karkatacce kawai.

Ƙarƙashi ma haka. A kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da shara, a zuba marmara ko tsakuwa a dandaƙe ta hawa-hawa da danshi. A sassan Gombe da Adamawa da Borno inda baƙar ƙasa ke kumbura da damina ta dare da rani, sai an ƙara zurfin haƙa da kaurin ciko. Rodi ko ragar ƙarfe ba sa hana tsaga, riƙe bakinta suke yi kada ta buɗe, kuma sai an ɗaga su sun zauna a cikin kankaren, ba a kwance a ƙasa ba.

Saura ruwan sama. Daɓe yana bukatar gangara ta kamar santimita 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa rariya, kuma da igiya da ma'auni ake fitar da ita, ba da ido ba. Inda aka yi sake, ruwa zai kwanta a gindin bango ya jiƙa tushe, ko ya zauna sauro ya yi ƙwai. Al'adar barbaɗa busasshen siminti a sama a goge da cokali har ya yi sheƙi ita ma a bar ta. Fatar kan ɓare daga baya, kafin ta ɓare kuma santsi ne da ita, a wurin da tsofaffi ke alwala yara ke gudu da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Jan tsintsiya sau ɗaya a kan ɗanyen kankare ya isa ya ba shi kaushi.

Da ruwan ya fita ta rariya ya zama na unguwa. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Tsakar gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, za ta tara lita 3,000, duro 15 ke nan. Da ƙasa ce, wani kaso zai nutse ya ciyar da rijiya. Siminti kuwa kusan duka yake turawa waje, a lokaci guda. A haɗa da na rufin kwano, a ninka da gidajen layi, a ɗora a kan kwatar da leda ta toshe, sai a fahimci dalilin da wasu lunguna ke cika cikin rabin sa'a, rijiyoyin unguwar kuma su ƙafe tun kafin bazara.

Akwai kuma zafi. Siminti yana shan rana yini guda ya riƙa fitar da ita da dare, daidai lokacin da aka fito da tabarmi. Gidan da aka sare darbejiya ko mangwaro don a samu fili sumul yakan gane haka a Afrilun farko. Gaskiya ne saiwar durumi da ceɗiya na ɗaga daɓe, amma maganin shi ne a bar wa bishiya da'irar ƙasa mai faɗi a gindinta, ko a zaɓi wadda ba ta da wannan hali.

Shi ya sa wasu ke komawa ga intalok, duwatsun simintin da ake jerawa a kan yashi, waɗanda suka yaɗu daga Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mai kaurin santimita 6 ya isa tafiyar ƙafa, mai 8 kuma inda mota za ta taka. Idan bututu ya fashe a ƙasa sai a ɗaga a gyara a mayar. Sai dai ciyawa da tururuwa na son tsakaninsa, ruwan da yake bari ya nutse bai kai yadda ake zato ba, kuma wanda aka buga da ƙarancin siminti yana marmashewa. Wurin wanki da wanke-wanke dai shimfiɗar kankare ta fi. Tsarin da ya fi dacewa da yawancin gidaje shi ne a haɗa: kankare a inda ake aikin ruwa da hanyar shiga ɗakuna, intalok ko tsakuwa a wani sashe, ƙasa a gindin bishiya.

Duk wanda zai yi wannan aiki bana, ya zauna da magininsa tun kafin tifa ta juye yashi, su yi magana a kan kauri, da yawan ruwan kowane buhu, da inda layuka za su bi, da inda ruwa zai nufa. Ya kuma sa ban-ruwan mako guda cikin jinga, ya riƙe cikon kuɗin aiki sai ranar da aka yaye buhunan.